Amadeus ko waninsa? Yadda za ka zaɓi fim a kan manyan masu tsara kiɗan Turai

Wanda ya ji kiɗan Mozart ko na Beethoven ya shiga ransa, abu na gaba da yakan so ya sani shi ne su wane ne mutanen nan, wace irin rayuwa suka yi, kuma me ya sa har yau ake kaɗa abin da suka rubuta fiye da shekara 200 da suka wuce. Littattafan tarihinsu manya ne, ba kowa ke da lokacin zama da su ba, sai a koma wa fim. A nan matsalar take. Fim ɗin da ya fi kowanne daɗin kallo a wannan fanni shi ne ya ɗora wa wani bawan Allah laifin da bai aikata ba. Wanda kuma ya fi kowanne riƙon amanar tarihi, mutane da yawa ba sa iya kai shi ƙarshe. Idan kana da yamma ɗaya da data ta fim ɗaya, wanne za ka ɗauka?

Fina-finai biyar zan auna: Amadeus (1984) a kan Mozart, Immortal Beloved (1994) da Eroica (2003) a kan Beethoven, Chronik der Anna Magdalena Bach (1968) a kan Bach, sai Chevalier (2022) a kan Joseph Bologne, ɗan wata baiwa baƙar fata da ya zama gwanin goge a Faransa.

Akwai abu guda da ya kamata ka riƙe kafin ka kalli ko wanne, domin shi ne ƙashin bayan dukansu. Yawancin mutanen nan barorin fada ne. Matsayinsu ya yi kama da na makaɗan fada a ƙasar Hausa: basarake ke ciyar da su, shi ke cewa a kaɗa ko a bari, kuma barinsa ba abu ne mai sauƙi ba. A 1717 an tsare Bach kusan wata guda a Weimar saboda ya matsa sai an sallame shi daga aiki. Haydn ya yi kusan shekara 30 yana yi wa gidan Esterházy hidima. Mozart kuwa ya rubuta wa mahaifinsa yana kukan cewa a gidan babban limamin Salzburg tare da masu dafa abinci da masu hidimar ɗaki ake zaunar da shi cin abinci, kuma da ya nemi tafiya a 1781, da shuri wani hadimin fadar ya fitar da shi. Fim ɗin da ya nuna maka wannan dangantaka daidai ya riga ya ba ka rabin tarihin.

## Ma'aunin da zan bi

Na farko, gaskiyar tarihi. Amma ba kowane ƙari ne ɗaya da wani ba, kuma a wurina wannan bambanci shi ne gaba da komai. Akwai darakta da ya dunƙule abin da ya faru a wata uku ya mayar da shi yini ɗaya don labari ya tafi. Wannan ba ya cutar da kowa. Akwai wanda ya ƙirƙiri mutumin da bai taɓa wanzuwa ba ya saka shi a tsakiya. Wannan ya fi nauyi, amma mai kallo zai iya cire shi. Sannan akwai wanda ya ɗauki sunan mutumin da ya rayu da gaske, ya jingina masa kisa ko zina ba tare da hujja ba. Wannan ƙazafi ne ga mamaci, ko da an lulluɓe shi da kyakkyawan hoto.

Na biyu, matsayin kiɗan a cikin fim. Shin ado ne da ake sakawa a bayan magana, ko kuwa an bar ka ka saurara har ka gane yadda aka gina shi?

Sauran huɗun na aljihu ne da na gida: abin da za ka kashe na lokaci da data da kuɗin haya, karko, wato ko fim ne da za ka so ka sake komawa gare shi, sauƙin bi ta fuskar harshe da tafiyar labari, da kuma haɗari, wanda ya kasu biyu, haɗarin ka tashi da ƙarya a kanka kana zaton tarihi ce, da haɗarin wani yanayi ya faɗo allo alhali yara ko iyaye na zaune.

## Amadeus (1984)

Miloš Forman ne darakta, kuma an ɗauko labarin daga wasan kwaikwayon dandamali da Peter Shaffer ya rubuta a 1979. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar takwas, har da ta fim mafi kyau da ta jarumi, wadda F. Murray Abraham ya ɗauka a matsayin Antonio Salieri, mai tsara kiɗa ɗan Italiya. An ɗauki yawancinsa a Prague, har a cikin gidan wasan da Mozart da kansa ya fara gabatar da operarsa (wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa) Don Giovanni a 1787.

Tsohon Salieri ne ke ba da labari, yana asibitin masu taɓin hankali, yana yi wa wani limamin coci ikirari. Ya ce ya yi wa Allah alkawarin kamewa da aiki tuƙuru don a ba shi baiwar kiɗa, sai ga shi an ba wani yaro mara kunya mai dariyar wauta, shi kuma an bar shi da kunnen da zai gane girman abin da ba zai iya yi ba. Hassada ce tsantsa, kuma ban san fim ɗin da ya buɗe cikin mahassadi kamar wannan ba.

Ta fuskar kiɗa babu na biyunsa. Akwai wurin da Salieri ke duba takardar wani kiɗan busa na Mozart yana bayyana shi: ƙananan muryoyi na bugawa a hankali daga ƙasa, kamar ba wani abu, sai wata siririyar busa ta fito daga sama ta tsaya cak a kan sauti ɗaya, sai wata ta karɓe ta ta sassauta shi. Yana faɗa kana ji. Mutumin da bai taɓa sanin yadda ake sauraron irin wannan kiɗa ba, a minti biyun nan zai koya. Haka kuma kusa da ƙarshe, Mozart na kwance yana mutuwa yana yi wa Salieri shiftar Requiem, kiɗan addu'ar mamaci, murya bayan murya: ga maza, ga kakaki, ga ganguna, ga goge, sannan a haɗa su duka su tashi tare. Neville Marriner ne ya jagoranci makaɗan da suka yi sautin fim ɗin.

To, sai dai wannan shifta ba ta taɓa faruwa ba. Wanda ya yi odar Requiem a ɓoye wani basarake ne, Franz von Walsegg, don tunawa da matarsa da ta rasu a 1791, kuma wanda ya ƙarasa shi bayan mutuwar Mozart almajirinsa ne, Franz Xaver Süssmayr. Salieri ba shi da hannu. Mozart ya rasu ranar 5 ga Disamba 1791 yana da shekara 35, kuma abin da aka rubuta a rajista zazzaɓi ne mai tsanani.

Salieri na gaskiya ba gwauron da fim ya nuna ba ne. Yana da mata da 'ya'ya takwas. Ba kuma ƙaramin gwani ba ne: da opera ɗinsa aka buɗe gidan wasan La Scala na Milan a 1778, ya riƙe shugabancin kiɗan fadar Biyena, babban birnin Ostiriya, daga 1788 har 1824, kuma Beethoven da Schubert da Liszt duk sun yi karatu a wurinsa. Ɗan Mozart ma, Franz Xaver, ya zauna a gabansa. Gasa tsakaninsa da Mozart ta kasance, domin wasiƙun Mozart da na mahaifinsa cike suke da zargin Italiyawan fada da yi masa zagon ƙasa. Amma a Oktoban 1791, makonni kafin rasuwarsa, Mozart ya rubuta wa matarsa cewa ya ɗauki Salieri a keken doki zuwa kallon sabuwar operarsa, kuma Salieri bai bar wani sashe ba tare da ya yaba ba. Jita-jitar guba ta yi ƙarfi ne a ƙarshen rayuwar Salieri, lokacin da tsufa ya taɓa masa hankali, ya kuma musanta ta. Marubucin Rasha Pushkin ya mayar da ita wasan kwaikwayo a 1830, daga nan ta samu gindin zama.

Wani ƙarin da ba a cika lura da shi ba, ni kuma yana damuna, shi ne nuna cewa Mozart ba ya gyara, kiɗa na sauko masa ne a kammale. Takardun gwajinsa sun tsira, da gogewa da sake rubutu. Shi da kansa, da ya sadaukar wa Haydn wasu kiɗe-kiɗe shida a 1785, ya ce sakamakon doguwar wahala ne. Matashin da ke koyon kowace sana'a bai kamata a gaya masa cewa gwani ba ya gumi ba.

Abin da fim ɗin ya faɗa daidai: barkwancin Mozart na batsa yana nan a wasiƙunsa, matsin mahaifinsa Leopold gaskiya ne, bashi gaskiya ne, haka siyasar fadar Sarki Joseph na Biyu. Shaffer bai taɓa cewa tarihi ya rubuta ba. Amma miliyoyin mutane ba su san Salieri ba sai ta nan.

Iri biyu ne a kasuwa, ka kula. Na asali ya kai kusan minti 160. Wanda aka fitar a 2002 ya kai awa uku, kuma an ƙara masa wani yanayi na tsiraici da babu shi a na farko. Don kallon gida, na asali za ka nema, ya kuma fi sauƙin data. Turancinsa a fili yake. Karkonsa kuwa, fiye da shekara 40 ke nan bai tsufa ba.

## Immortal Beloved (1994)

Bayan rasuwar Beethoven a 1827 an samu wata wasiƙa a cikin kayansa, rubutun fensir, zuwa ga wata mace da ya kira masoyiyarsa ta har abada. Babu suna, babu shekara. Masana sun gano daga baya cewa ya rubuta ta ne ranakun 6 da 7 ga Yuli 1812 a garin Teplitz. Sunaye biyu suka fi ƙarfi a wurin masu bincike: Antonie Brentano da Josephine Brunsvik. Darakta Bernard Rose ya gina fim ɗinsa a kan neman matar, inda sakataren Beethoven, Anton Schindler, ke bin mata ɗaya bayan ɗaya yana tambaya.

Amsar da fim ya bayar ita ce Johanna, matar ƙanin Beethoven, har ya ƙara da cewa ɗanta Karl ɗan Beethoven ne. Lissafi kaɗai ya rushe wannan. An haifi Karl a 1806, wasiƙar kuwa ta 1812 ce, fim ɗin kuma ya ɗaure wasiƙar da cikin yaron. Johanna ita ce matar da Beethoven ya ja kotu daga rasuwar ƙaninsa a 1815 har zuwa 1820 don ya ƙwace mata ɗa, yana zaginta a rubuce. Ya ci shari'ar, ya takura wa yaron, har Karl ya harbi kansa a 1826, Allah ya sa bai mutu ba. Wannan shi ne mafi munin babi a rayuwar Beethoven, fim ɗin kuma ya wanke shi da cewa ai soyayya ce da ta ɓaci. A ma'aunina wannan ya fi na Amadeus muni, domin an jingina wa baiwar Allah zina, an canja wa yaro uba, sannan an gabatar da abin a matsayin warware sirri. Shi kansa Schindler da aka mayar amintaccen mai bincike, masana sun gano a shekarun 1970 cewa ya cusa rubutun ƙarya a littattafan da ake rubuta wa Beethoven magana bayan ya kurumce.

Duk da haka ba zan ce a jefar da shi ba. Gary Oldman ya shiga rigar Beethoven sosai, kuma fim ɗin ya nuna kurumta yadda take ciwo: akwai inda ya kwantar da kunnensa a kan murfin fiyano yana kaɗawa don ya ji girgizar katakon. Akwai kuma daren gabatar da simfoni na tara (simfoni dogon kiɗa ne na babbar ƙungiyar makaɗa), inda tunaninsa ya koma yarinta, yaro na gudu cikin duhu daga dukan uba mashayi, ya faɗa tafki ya kwanta rigingine, taurari na kewaye da shi a cikin ruwa, muryoyi na tashi. Georg Solti ne ya jagoranci makaɗan. Fim ɗin awa biyu ne, da Turanci, yana yawan komawa baya don haka yana son natsuwa, kuma akwai tsiraici a ciki. Ba na falo ba ne.

Idan ka ci karo da Copying Beethoven (2006) na Agnieszka Holland, ka sani cewa budurwar da ke tsakiyarsa, Anna Holtz, ƙirƙira ce, kuma ba wata mace da ta ɓuya cikin makaɗa tana nuna wa Beethoven hannu a daren 7 ga Mayu 1824 da aka fara gabatar da simfoni na tara. Michael Umlauf ne ya ja ragamar makaɗan a daren. Laifinsa bai kai na sama ba tunda ba a ɓata sunan kowa ba, amma in ban da wannan dogon yanayin na simfoni na tara, ba shi da abin da zai sa ka koma.

## Eroica (2003)

Wannan fim ɗin talabijin ne da BBC ta yi, Ian Hart a matsayin Beethoven, kuma dabararsa mai sauƙi ce: yini ɗaya, gida ɗaya. Yunin 1804 ne, a fadar Yarima Lobkowitz, ana gwajin simfoni na uku, wanda ake kira Eroica, karon farko. Ana kaɗa shi gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe, kamara na yawo a kan fuskoki: makaɗan da ke gumi da takardar da ba su saba gani ba, tsohon basaraken da ransa ya ɓaci, barorin da ke tsaye a bakin ƙofa suna saurare. John Eliot Gardiner da makaɗansa suka yi sautin, da kayan kiɗa irin na zamanin, shi ya sa za ka ji shi da kaifi da ɗan kaushi.

Wani ɗan abu a ciki ya nuna irin kulawar da aka yi. A sashe na farko akwai inda mai ƙaho ke shigowa shi kaɗai kamar ya yi riga-malam-masallaci. Almajirin Beethoven, Ferdinand Ries, ya zaci kuskure ne ya yi wa mai ƙahon tsawa, alhali haka Beethoven ya rubuta. Ries ya ba da wannan labari da kansa a littafin tunawa da malaminsa, ya ce saura kaɗan ya sha mari. Daga gare shi kuma aka samu labarin fushin Beethoven da ya ji Napoleon ya naɗa kansa sarki, bayan da ya yi niyyar sa wa kiɗan sunansa. Kwafin takardar da ya tsira yana nan da huji inda aka kankare sunan.

Ƙarin da aka yi irin na farko ne. An tara abubuwan da suka faru a lokuta daban an zuba su a yini ɗaya, an kuma kawo tsoho Haydn cikin ɗakin don ya ji abin da almajirinsa ya zo da shi. Ba a zalunci kowa ba. Bai kai awa ɗaya da rabi ba, don haka shi ne mafi arha a data, kuma za a iya kallonsa da kowa. Rauninsa shi ne ba ya ba ka rayuwar Beethoven, yini ɗaya kawai yake ba ka, kuma fiye da rabin lokacin saurare ne. Samunsa ma ya fi na manyan fina-finai wuya, a faifan DVD aka fi saninsa.

## Chronik der Anna Magdalena Bach (1968)

Jean-Marie Straub da Danièle Huillet suka yi shi, baƙi da fari, da Jamusanci. Ba su ɗauko ɗan wasa su koya masa motsa yatsu ba. Sun ɗauko Gustav Leonhardt, ɗaya daga cikin manyan masu kaɗa kiɗan Bach a ƙarni na 20, suka sa masa gashin kanti da rigar zamanin, ya kaɗa da gaske, aka naɗi sautin nan take a wurin. Fim ɗin ya buɗe ne da bayan kafaɗarsa da hannayensa a kan hafsikod, wani kayan kiɗa da ya riga fiyano, na tsawon mintuna, kafin kamara ta ja baya ka ga sauran makaɗan.

Muryar matar Bach ta biyu, Anna Magdalena, ke ba da labari. Ba ta bar littafin tarihin rayuwarta ba, wannan tsari ne na masu fim, amma an gina maganar ne a kan wasiƙun Bach da takardun zamanin. Abin da za ka ji shi ne rigimar albashi da majalisar birnin Leipzig, inda ya yi aiki daga 1723 har rasuwarsa a 1750, da neman muƙami, da mutuwar yara. 'Ya'ya 13 ta haifa masa, 7 suka rasu suna ƙanana, kuma tana ambatonsu ne da murya ɗaya da take ambaton sabon aiki, sai kiɗa ya biyo baya. Wannan kamewa ta fi kuka taɓa ni.

Gaskiya ita ce fim ne mai wuya. Babu rikici, babu soyayya, kamara ba ta cika motsi ba. Minti 90 da 'yan kai ne, amma wanda bai riga ya so Bach ba zai ga kamar awa uku. Dole ka samu mai fassarar rubutu a ƙasan allo, kuma sai a wuraren da ke ajiye tsofaffin fina-finan fasaha. Haɗari kuwa babu ko ɗaya.

## Chevalier (2022)

An haifi Joseph Bologne a 1745 a tsibirin Guadeloupe. Mahaifinsa Bafaranshe ne mai gandu, mahaifiyarsa Nanon baiwa ce 'yar asalin Afirka. Aka kai shi Faransa yana yaro, ya zama zakaran wasan takobi, ya zama gwanin goge, ya jagoranci ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin makaɗa na Paris daga 1773. Ƙungiyar da ya jagoranta daga baya ce ta fara kaɗa simfoni shida da Haydn ya rubuta wa Paris. A 1776 aka kawo sunansa don shugabancin gidan opera na Paris, sai wasu manyan mata uku na gidan suka kai wa Sarauniya Marie Antoinette ƙorafi cewa mutuncinsu ba zai bari su karɓi umarni daga barbarar yanyawa ba. Ya rasa kujerar. Wannan ya faru, kuma shi ne zuciyar fim ɗin, Kelvin Harrison Jr. na riƙe da rawar.

Amma an yi ƙari da yawa. Karawar goge da Mozart da aka buɗe fim da ita ƙirƙira ce. Gasar rubuta opera don cin kujerar ƙirƙira ce. An nuna sarauniyar ce ta ba shi sarautar da ake kiransa da ita, wato Chevalier, alhali ya same ta tun kafin ta zo Faransa a 1770. Soyayyarsa da matar wani basarake kuma daga tsegumin zamanin aka ɗauko ta aka faɗaɗa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abin da aka bari: a 1792 ya zama kanar na wata runduna ta sojoji baƙaƙe da ruwa-biyu a juyin juya halin Faransa, mataimakinsa kuwa Thomas-Alexandre Dumas ne, mahaifin shahararren marubucin nan Alexandre Dumas. Daga baya an tsare shi wata da watanni. Duk wannan a rubutun ƙarshe kawai aka taɓa shi. Kiɗansa na ainihi ma bai samu fili yadda ya kamata ba.

Shi ne mafi sauƙin kallo a cikin biyar ɗin, bai kai awa biyu ba, Turanci mai sauƙi, hoto mai kyau, kuma da yake na babban kamfani ne, ba ya wuyar samu a manhajojin haya. Akwai soyayya da matar aure, don haka a duba wa ke zaune. Karkonsa matsakaici ne: sunan da ya dawo da shi ya fi fim ɗin kansa daraja.

## A taƙaice cikin jadawali

| Fim | Gaskiyar tarihi | Kiɗa | Tsawo da data | Karko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Amadeus | Yanayi daidai, ginshiƙin labari ƙazafi | Mafi kyau | Kusan minti 160, ko awa 3 | Mai yawa | Mai sauƙi | Ƙarya kan Salieri. Tsiraici a na 2002 |
| Immortal Beloved | Amsarsa ba ta da tushe | Mai ƙarfi | Awa 2 | Matsakaici | Yana son natsuwa | Ƙazafi ga Johanna, tsiraici |
| Eroica | Ƙari mara cutarwa | Cikakken simfoni | Ƙasa da minti 90 | Mai yawa | Sai mai son saurare | Kaɗan |
| Chronik | Mafi aminci | Kiɗa kai tsaye | Minti 90 da 'yan kai | Mai yawa ga masoyin Bach | Mai wuya | Babu |
| Chevalier | Tushe gaskiya, ƙari da yawa | Kaɗan | Ƙasa da awa 2 | Matsakaici | Mafi sauƙi | Soyayya da matar aure |

## Wanne ya dace da wa

Idan ba ka taɓa kallon ko ɗaya ba kuma kana so ka gane me mutane ke ji a wannan kiɗa, ka fara da Amadeus na asali. Sharaɗina ɗaya ne: ka kalle shi a matsayin labarin hassada, kuma kada ka tashi ka gaya wa wani cewa Salieri ya kashe Mozart. In ka samu dama, ka nemi kiɗan Salieri ka saurara bayan fim ɗin, ana samunsa yanzu cikin sauƙi.

Malami ko ɗalibi da ke son abin da zai nuna a aji ba tare da ya bi shi da dogon gyara ba, Eroica ne nasa. Gajere ne, mai tsabta, kuma yana buɗe ƙofar magana a kan Napoleon da juyin juya hali da zaman talaka da basarake a ɗaki ɗaya.

Mai kaɗa fiyano ko goge, ko mai jagorantar mawaƙan coci, ko duk wanda ya riga ya san Bach, ya nemi Chronik. Ya zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, ya sa abin ji na kunne.

Wanda tarihin baƙar fata a Turai ya dame shi ya ɗauki Chevalier, sannan ya bi shi da karanta rayuwar mutumin daga 1789 zuwa rasuwarsa a 1799, domin a farkon juyin juya halin fim ɗin ya tsaya.

Immortal Beloved na bar wa wanda ya riga ya san tarihin Beethoven da kyau, wanda zai iya jin daɗin wasan Oldman ba tare da ya haɗiye amsar ba. Wanda kuma data ta yi masa kaɗan, yanayin simfoni na tara kawai ya ishe shi daga cikinsa, sauran kuɗin ya kashe su a kan Eroica.